Madubin babur ɗin ƙanƙara da haƙƙin na baya

A lardin Kebek na ƙasar Kanada, inda neman abinci ya kai ni, doka ta lissafa abubuwan da dole ne a samu a jikin babur ɗin ƙanƙara kafin a hau shi: farar fitila a gaba, ja a baya, birki, salansa, ma'aunin gudu, sai kuma madubi a ɓangaren hagu. Sharaɗin madubin ya hau kan duk wanda aka ƙera bayan ranar 1 ga Janairun 1998. Dokar ba ta tsaya ga cewa a samu madubi ba, sai da ta ƙara da cewa ya kasance a kafe yake daram a jikin abin hawan. Wannan 'yar ƙarin magana ce ta jawo rubutuna na yau, domin a ganina duk wanda ya sa ta ya san daji, ya kuma san aikin da madubi yake yi a cikinsa.

Da yake mafi yawan masu karatu ba su taɓa ganin wannan abin hawa ido da ido ba, bari in siffanta shi. Babur ne da ba shi da taya ko ɗaya. A gaba yana da wasu dogayen faranta biyu masu santsi waɗanda ke sulɓi a kan dusar ƙanƙara, su ake juyawa da sitiyari irin na babur ɗin da muka sani. A ƙarƙashin mazauni kuwa akwai faffaɗan bel na roba mai haƙora, kamar ƙafar katafila, shi ke cizon ƙanƙarar yana tura abin gaba. Totur ɗinsa ɗan hannu ne da ake dannawa da babban yatsan dama, birki kuma yana hannun hagu. Mutanen Kebek da Faransanci suke magana, kuma sunan abin a takarda shi ne motoneige, amma a bakin talaka kowane iri Ski-Doo ne, kamar yadda a wurinmu kowane garin sabulu Omo ne.

Sunan Ski-Doo daga wani ƙaramin gari ya fito mai suna Valcourt, a cikin wannan lardi, inda aka yi wani makaniki, Joseph-Armand Bombardier. Tun yana saurayi yake gwada ƙera motar da za ta bi ta kan ƙanƙara. A hunturun 1934 ɗansa mai shekara biyu ya kamu da matsanancin ciwon ciki, dusar ƙanƙara ta toshe hanyar asibiti, yaron ya rasu a gida. Daga nan uban ya ƙara ƙaimi. A 1937 ya fitar da motar ƙanƙara mai ɗaukar mutum bakwai, a 1959 kuma ƙaramin babur ɗin da ya karaɗe duniyar masu sanyi ya shiga kasuwa. A yau Kebek kaɗai tana da hanyoyin irin wannan babur da tsawonsu ya kai kimanin kilomita 33,000, kuma ƙungiyoyin mahaya ne ke kula da su, suna bin su da manyan injuna suna baje ƙanƙarar.

Ni mutumin Maraɗi ne, kuma Faransancin da na koya a makaranta ne ya buɗe mini ƙofar aiki a yankin Abitibi, kusa da garin Val-d'Or, fiye da kilomita 500 arewa maso yamma da Mantariyal. Ƙasar zinariya ce, sunan garin ma ma'anarsa ke nan, kwarin zinariya. Aikina ya shafi binciken dutse. Ana huda ƙasa a fito da samfurin dutse dogo kamar taɓarya, a jera shi a akwatuna, mu kuma mu duba abin da ke cikinsa. Da yawa daga wuraren da ake hudawa fadama ce da tafki, mota ba ta isa can da rani, sai an jira hunturu ya daskarar da su. Saboda haka daga Disamba zuwa ƙarshen Maris babur ɗin ƙanƙara ne jakina, wani lokacin ma da amalanken akwatunan dutse a ɗaure a bayansa. Da na tashi mallakar nawa na kaina, na hannu, sai ya zo babu madubi, ramukan tsohon kawai suka rage a jikinsa. Abin da na ɗauka sayayyar minti biyar ce sai ya zama nazarin mako biyu.

Dalilin da ya sa madubi ya fi nauyi a kan wannan babur fiye da kan kowane abin hawa da na sani shi ne, mahayinsa kurma ne kuma wuyansa a ɗaure yake. Kansa yana cikin hular kwano mai rufe fuska baki ɗaya, a ƙarƙashinta akwai wata hular ulu, injin kuma yana ruri a tsakanin gwiwoyinsa. Ko wani ya zo dab da bayansa ba zai ji ba. Idan ya ce zai waiwaya, hular da ƙatuwar rigar sanyi ba za su bar wuyan ya juya shi kaɗai ba, sai kafaɗa ta bi, kafaɗa kuwa idan ta juya sai ta ja sitiyari. Iyakar gudun da doka ta yarda da shi a Kebek kilomita 70 ne a awa ɗaya, wato mita 19 da ɗoriya a kowace daƙiƙa. Waiwayen daƙiƙa biyu ke nan ya ci kusan mita 40 da mutum ya yi a makance, a kan siririyar hanya mai itatuwa hagu da dama, wadda wani babur ɗin ko dabbar daji kan iya ɓullowa a kowace kwana. Ga kuma sanyi. Ba abin mamaki ba ne a wayi gari a Abitibi da digiri 30 ƙasa da sifili, kuma bisa jadawalin hukumar yanayi ta Kanada, irin wannan sanyi idan ya haɗu da iska mai gudun kilomita 70, jiki yana jin sa kamar 51 ƙasa da sifili. Fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin mintunan da ba su wuce biyar ba. Duk waiwaye yana buɗe 'yar kafa tsakanin hula da wuyan riga, iska kuma ba ta neman ƙofar da ta fi wannan.

Amma duk wannan lissafi na tsaron kai ne, kuma bai kai ga asalin maganar ba. Ba a cika shiga daji mutum ɗaya ba. Ana tafiya ne a jere, ɗaya na bin ɗaya, kuma ƙa'idar da kowane mahayi yake koya tun ranar farko ita ce, kai ne mai alhakin wanda ke bayanka. Jagora ba ya iya ganin mutum na biyar ko na shida. Abin da yake gani shi ne na biyu, na biyu yana ganin na uku, har zuwa na ƙarshe. Idan an zo mararraba, ba ka shan kwana sai ka tabbatar na bayanka ya ga inda ka bi. Idan ka daina ganinsa sai ka tsaya, tsayawarka kuma ita za ta tsayar da na gabanka, a haka labari yake isa ga jagora ba tare da an furta kalma ba. Har da baƙin da kuka yi kiciɓis da su ana sanar da su. Mahayi kan ɗaga yatsun hagu ya nuna wa mai tahowa adadin waɗanda ke biye da shi, na ƙarshe kuma ya ɗaga dunƙulallen hannu, alamar babu kowa a bayansa.

A shekarata ta biyu a wannan aiki, cikin watan Fabrairu, mu huɗu muka taso daga wurin huda da la'asar sakaliya, ni ne na ƙarshe a layi. Ana cikin tafiya sai ƙaramin bel ɗin da ke ɗaukar ƙarfi daga inji ya tsinke. Abu ne da kan faru, shi ya sa kowane babur yake ɗauke da na ko-ta-kwana. Injin yana ta kuka amma babur ya tsaya cik, ina kallo jar fitilar na gabana ta sha kwana ta ɓace a cikin itatuwa. Da na kashe injin sai shiru ya rufe ni, irin shirun da ban taɓa jin kamarsa ba ko a dajin Dakoro. Waya ba ta da sabis a wurin. Sauya bel aikin mintuna ne ga wanda yake cikin gareji, amma ga mutum ɗaya a cikin duhun da ke tahowa, da yatsun da dole ya fitar daga safar hannu, lissafin daban ne. Ban gama buɗe murfin injin ba sai na ga farin haske yana dawowa. Wanda ke gabana ne, wani dattijo haifaffen yankin, wanda ya shekara arba'in yana bin waɗannan dazuzzuka. Ya haska mini tocila, muka sauya bel ɗin tare. Da muka isa masauki na tambaye shi yadda aka yi ya gane da wuri haka. Ya ce, “Yaro, ni ban san fuskarka a madubi ba. Fitilarka nake nema. Na duba sau ɗaya babu, na sake dubawa babu, sai na juyo.”

Wannan amsa ce na riƙe a matsayin ma'auni da na shiga shagon kayan gyara. Doka ta wajabta barin fitilar gaba a kunne dare da rana, don haka tambayar da zan yi wa kowane madubi guda ɗaya ce: idan na kai masa ido na rabin daƙiƙa, ina cikin gudu, a kan hanya mai gargada, zai nuna mini fitilar na bayana ko ba zai nuna ba?

Da wannan ma'auni, irin na farko da ya faɗi shi ne ƙaramin madubin da ake ɗaurawa a bayan safar hannu ko a tsintsiyar hannu kamar agogo. Yana da araha, ba ya buƙatar huda komai, kuma masu tsohon babur suna son sa. Sai dai kafin ka yi amfani da shi dole ka ɗaga hannun hagu ka nemi kusurwar da ta dace, hannun hagu kuwa shi ne na birki. Ina kyautata zaton irinsa ne ya sa aka rubuta cewa madubi ya kasance a kafe a jikin abin hawa, kuma 'yan Ontariyo da Amurkawan da ke tsallakowa yawon hunturu sukan sha gargaɗi daga abokansu cewa wannan ba zai fid da su ba a Kebek.

Wanda ya fi ɗaukar hankalina da farko shi ne wanda ake ɗaurawa a kan sitiyari, ko a jikin robar da ke kare hannu daga iska, saboda shi ne ya yi kama da abin da na saba gani a gida. A nan ne bambancin babur mai taya da na ƙanƙara ya fito fili. Mai babur mai taya idan yana gudu da karkata jiki yake shan kwana, sitiyarin ba ya motsawa sai kaɗan, don haka madubinsa yana kallon baya kusan koyaushe. Babur ɗin ƙanƙara kuwa ba ya kwanciya haka, juya sitiyarin ake yi sosai, kamar na keken guragu. Ɗaliban kimiyya sun san ƙa'idar nan, cewa idan aka juya madubi da digiri 10, abin da yake nunawa yana gocewa da digiri 20. Wato da zarar ka shiga kwana, madubin sitiyari zai bar hanya ya koma nuna maka itatuwa, kuma kwana ce wurin da aka fi rasa na baya. Akwai wata matsalar ta daban. A ranakun tsananin sanyi mukan sa wa sitiyari wasu manyan jakunkuna masu ɗumi da ake cusa hannu a ciki, su kuma sukan haɗiye ƙaramin madubin da ke jikin robar hannu gaba ɗaya.

Saura biyu ke nan, na jikin gilashin tare iska da na jikin murfin inji. Duka biyun ba sa bin sitiyari, inda babur ya fuskanta nan suke fuskanta. Na jikin gilashi yana sama, kusa da layin ido, kuma ya fi tsira daga ƙurar ƙanƙara. Aibinsa shi ne gilashin roba ne mai lanƙwasa, iska tana kaɗa shi, inji yana girgiza shi, madubin kuma yana rawa tare da shi. Wannan ciwo ya girmi babur ɗin ƙanƙara da kansa. A tseren motoci na Indiyanapolis na 1911, lokacin da kowane direba yake ɗaukar makaniki a gefensa don ya riƙa duba masa baya, Ray Harroun ya shiga shi kaɗai da madubi a gaban motarsa, ya kuma ci tseren. An ruwaito cewa daga baya ya faɗa cewa girgizar hanyar, wadda da bulo aka shimfiɗa ta, ba ta bar shi ya ga abin kirki a madubin ba. Madubin da ke rawa yana mayar da fitila ɗaya ta zama zanen haske, ba ka sanin babur ɗaya ne ko biyu, kusa ne ko nesa. Abin da ke rage rawar sananne ne, a samu gajeren wuya mai kauri, a kafa shi a wuri mai tauri, a sa 'yar roba tsakaninsa da jikin babur, a kuma ɗiga wa notin ruwan da ke hana shi kwancewa. Da wannan na jikin murfin inji ya yi nasara a wurina, duk da cewa yana ƙasa kuma sai an sauke ido kaɗan.

Daga nan sai batun gilashin madubin kansa, shimfiɗaɗɗe ko mai doro. Shimfiɗaɗɗe yana faɗin gaskiya game da nisa, amma taga ce ƙarama, musamman da yake madubin babur bai wuce tafin hannu ba. Mai doro yana tattaro fili mai faɗi, sai dai yana ƙanƙantar da abu ya sa ya yi kamar yana nesa. Duk wanda ya taɓa zama a gaban motar da aka shigo da ita daga Amurka ya ga ɗan rubutun gargaɗi a kan madubin dama game da wannan. Direban da ke sauya layi a babban titi yana buƙatar sanin nisa daidai. Ni kuwa buƙatata ita ce in san ko fitilar tana nan, kuma in ga ko akwatunan da nake ja ba su karkace ba. Don haka mai doro na zaɓa, amma mai matsakaicin doro, domin akwai waɗanda suka yi yawa har babur ɗin da ke mita 50 a baya yakan koma kamar ƙwayar gero. Yana da wani amfanin da ban yi tsammani ba. Da dare, fitilar na baya ba ta kashe ido a cikinsa kamar yadda take yi a shimfiɗaɗɗe, kuma a watan Disamba kafin ƙarfe biyar na yamma dare ya riga ya yi.

Doka ɗaya ta nema, na hagu, kuma dalilinta a fili yake, tunda dama ake bi kuma mai wucewa ta hagu zai wuce. Ni biyu na saya. Idan hanya ta lanƙwasa zuwa hagu, na bayanka yana faɗowa cikin madubin hagu. Idan ta lanƙwasa zuwa dama sai ya koma ta damanka, madubin hagu kuma ya rasa shi har sai hanya ta miƙe. Hanyoyin Abitibi da yawa tsofaffin hanyoyin masu saran itace ne, suna murɗawa kamar maciji, kuma ban ga hikimar in yarda da rasa abokina a rabin kwanonin ba saboda kuɗin da bai kai na cika tanki ba.

Akwai masu ƙin madubi gaba ɗaya, kuma ba duka ne marasa hujja ba. Masu hawan tsaunuka a yammacin Kanada a tsaye suke tuƙi, a cikin dusa mai zurfi da tsakankanin itatuwa, babur yana kifewa sau da yawa a yini guda, duk abin da ya fito daga jikinsa karyewa zai yi. Waɗannan ina fahimtarsu. Waɗanda ba na fahimta su ne samarin da ke bin hanya ɗaya da mu amma suke cewa madubi yana ɓata wa babur kyan gani. Da na ba yayana labari a waya, dariya ya yi ta yi. Ya ce, “Kai kuma, madubi har sai an yi masa shawarar mako biyu? Mu nan yaran kabu-kabu ranar da suka sayi babur ranar suke kwance shi.” Na ce, “Yaya, su ai suna da kunne, suna da oda, kuma idan ɗayansu ya faɗi kafin ya tashi mutum ashirin sun kewaye shi.” Ban ce kwancewar tasu daidai ba ce, asibitocinmu shaida ne. Amma wanda ya faɗi a titin Maraɗi ko na Kano a gaban jama'a ya faɗi, wanda kuwa ya tsaya a dajin Abitibi yana iya kwana kafin wani ya biyo ta wurin.

Abu na ƙarshe da dattijon nan ya ba ni shawara a kai shi ne kada in huda murfin inji sai na gwada madubin da cikakkiyar shigar sanyi a jikina. A cikin shago, da riga mai sauƙi, kowane madubi yana nuna baya tas. Da ka sa rigar sanyi, faɗin kafaɗarka yana ƙaruwa, gwiwar hannunka ta zama kamar matashin kai, sai ka tarar rabin madubin hannunka yake nunawa. Haka na yi. Na sa hula da riga da safar hannu a cikin gareji, na zauna yadda nake zama idan ina tuƙi, wani abokin aiki ya tsaya da tocila a can baya yana matsawa hagu da dama, wani kuma yana riƙe da madubin a jikin murfin yana gusa shi har muka sami wurin da hasken bai ɓace ba. Tsofaffin ramukan ba su yi ba, sai da muka fita waje da su kamar faɗin yatsu uku, muka toshe na da. A cikin garejin kuma na saita kusurwarsa na ɗaure, domin roba idan ta sha sanyin digiri 30 ƙasa da sifili takan yi tauri ta koma kamar busasshen ƙashi, kuma wanda ya murɗa ta da ƙarfi a daji yana iya komawa gida da madubinsa a aljihu.